Tattara Bayanan Sirri Sana'a Ce, a Koya wa Askarawa Ita

Tun da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau ranar 31 ga Janairu, 2024, aikinsu ya wuce tsaron ƙofar gari. Su ake kai wa rahoton wanda aka gani da jarkar fetur a bayan gari, su ke kamo wanda ake zargin infoma ne. 'Yan sanda ma sun ɗaga sashensu na bayanan sirri zuwa babban sashe. Kowace rundunar da ke riƙe da bindiga yanzu tana so ta mallaki kunne.

Na yarda da buƙatar. Ɗan bindigar da ke tare hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ba ya fitowa sai an shaida masa wace mota ta taso. Saboda infoma aka katse layukan waya a jihar nan a Satumbar 2021, aka kuma sa hannu kan dokar kisa da ta haɗa da su a 2022. Askar ɗan Bungudu ya san kowane burtali da kowace baƙuwar fuska, abin da sojan da aka turo daga nesa ba zai sani ba.

Amma wanda ya san gari ya san abokin gabarsa a cikinsa. Rikicin gona, bashi ko kishin aure na iya komawa "rahoto", kuma kalmar infoma kaɗai ta isa ta salwantar da rai kafin alƙali ya ji. Zamanin 'yan sa-kai ya nuna mana yadda zargi ba tantancewa ke haifar da ramuwar gayya.

Ƙasar nan ta taɓa raba aikin tattara bayanan sirri da aikin 'yan sanda. Daga sashen musamman na 'yan sanda aka fitar da hukumar tsaro ta NSO a 1976, daga ita DSS ta fito a 1986.

Haka nake so a yi wa Askarawa. A ware ƙaramin sashe mai horo, wanda ba zai ɗauki labari ba sai majiya biyu sun tabbatar. A ɓoye sunan mai ba da labari, domin manomin da ya tona asiri a Tsafe a ƙauyensa zai kwana. Wanda aka kama kuma a miƙa shi ga 'yan sanda da kotu. Matuƙar mutane na tsoron mai karɓar labari kamar yadda suke tsoron ɗan daji, bakinsu zai ci gaba da zama a rufe.