Ginger Baker: makaɗin da ya ƙi zama a bayan fage

A ƙasar Hausa kalmar makaɗi tana ɗauke da mawaƙi da kiɗansa gaba ɗaya, shi ya sa ake cewa Makaɗa Ibrahim Narambaɗa ko da yake muryarsa ce aka fi sani. A kiɗan Turawa na zamani abin ya sha bamban. Mai ganga yana zaune can baya, aikinsa riƙe lokaci, suna da kuɗi kuwa na mai waƙa ne da mai jita. Ginger Baker, wanda ya rasu a Canterbury ranar 6 ga Oktoba 2019 yana da shekara 80, ya kwashe rayuwarsa yana faɗa da wannan rabo. Ya dace a auna abin da ya ci a faɗan da abin da ya rasa.

An haifi Peter Edward Baker ranar 19 ga Agusta 1939 a Lewisham, kudancin Landan. Mahaifinsa ya mutu a yaƙin duniya na biyu a 1943. Jan gashin kansa ne ya jawo masa laƙabin Ginger. Da kiɗan jaz ya fara, kuma har ya bar duniya bai yarda a kira shi makaɗin rok ba. Malaminsa Phil Seamen, gwanin ganga na jaz a Ingila, shi ya fara sa masa faya-fayan gangunan Afirka ya saurara. A zamanin nan kuma ya faɗa shan hodar heroyin, wadda ta riƙe shi kusan shekara ashirin.

A 1966 ya kafa ƙungiyar Cream da Eric Clapton mai jita da Jack Bruce mai jitar bas da waƙa. Lokacin ne matasan Ingila da Amurka ke yayin kiɗan da ake kira saikedelik, kiɗa mai ƙara da amsa-kuwa da dogon ja, wanda ke kwaikwayon ruɗanin da ƙwayar LSD ke jefa hankali a ciki. Faifansu na 1967, Disraeli Gears, yana cikin manyan ayyukan wannan salo. Mutum uku kawai ne a ƙungiyar, don haka babu wanda zai ɓuya a bayan wani. Baker ya ajiye manyan gangunan ƙafa biyu maimakon ɗaya, dabarar da ya gani wurin makaɗan jaz na Amurka, ya kuma rage dogaro da faifan ƙarfe, ya mayar da nauyin kiɗan kan ganguna masu zurfin murya.

Wanda ke son sanin darajarsa sai ya saurari “Sunshine of Your Love”. Al'adar rok ita ce a buga da ƙarfi a kan bugu na biyu da na huɗu. A wannan waƙa an juya abin, nauyin ya koma kan na ɗaya da na uku. Sai waƙar ta yi tafiya irin ta raƙumi mai kaya, a hankali, da nauyi, ba ta tsalle. Ganga a nan tana amsa wa jita kamar yadda ƴan amshi ke amsa wa jagora. Baker ya ce shi ya kawo dabarar, injiniyan ɗaukar sauti Tom Dowd ya ce shi ya ba da shawarar. Ko wane ne ya faɗa, hannun da ya buga na Baker ne, kuma in aka cire bugun nan waƙar ta zama wata daban.

Sai dai abin da ya fi jawo masa suna shi ne “Toad”, inda sauran biyun ke yin shiru su bar shi shi kaɗai. Wanda aka ɗauka a gaban jama'a aka sa a faifan Wheels of Fire na 1968 ya kai minti 16. Akwai gwaninta a ciki, domin hannu biyu da ƙafa biyu kowanne yana bin nasa lissafi ba tare da sun ci karo ba. Amma kunnen da ya saba da kalangu zai ji abin da ya ɓace. Kalangu yana kiran suna, yana kirari, yana jiran mai rawa ya taka. Gangar “Toad” ba ta magana da kowa sai mai ita. Ta buɗe ƙofa ga makaɗan rok da suka biyo baya, waɗanda da yawansu suka ɗauki tsawon suka bar lissafin.

Cream ba ta wuce shekara biyu da ƴan watanni ba. Gabar Baker da Bruce ta girmi ƙungiyar, tun suna tare a ƙungiyar Graham Bond, kuma a Nuwamba 1968 suka yi wasan bankwana a Royal Albert Hall. Ƙarƙashin gabar akwai maganar kuɗi. Dokar haƙƙin mallaka tana biyan wanda ya tsara karin waƙa da wanda ya rubuta kalmomi, ba ta san bugun ganga ba. Yawancin waƙoƙin da suka yi kasuwa an rubuta su da sunan Bruce da marubuci Pete Brown. Baker ya yi ta kukan cewa shi ya sa wa mabuɗin “White Room” bugu biyar-biyar da ya bambanta ta, amma sunansa ba ya cikin masu ita. A wannan ƙara gaskiya tana wajensa.

Bayan Blind Faith a 1969 da Air Force a 1970, ya juya zuwa inda kiɗan da Seamen ya jiyar da shi ya fito. A 1971 ya ƙetare Sahara da mota Range Rover daga Aljeriya, ya ratsa ƙasar Nijar zuwa Legas, tafiyar da Tony Palmer ya ɗauka a fim. Ya san Fela Kuti tun Fela yana karatun kiɗa a Landan. A shekarar nan suka fitar da faifai tare da ƙungiyar Africa 70, daga baya kuma ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja, inda Paul McCartney ya yi wani ɓangare na aikin Band on the Run a 1973.

A wannan zango ne aka ji Baker mafi kyau. Kusa da Tony Allen, mai gangar Fela, ba shi da sarauta. Allen yana bugu da sauƙin hannu, yana barin sarari tsakanin bugu da bugu, dole baƙon ya rage ƙarfi ya kasa kunne. Karawar da suka yi su biyu a bikin jaz na Berlin a 1978 ita ma ta kai minti 16, amma zance ne tsakanin mutum biyu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya kai aya. A tsawo ɗaya suke da “Toad”, a daɗin ji kuwa ta fi ta nesa. Ya kamata kuma a faɗa cewa abin da jaridun Turai suka kira sabon abu a hannun Baker tsohon ilimi ne a Afirka ta Yamma, kuma shi kansa bai ɓoye inda ya samo shi ba.

Ɗakin Ikeja ya durƙushe, dukiya ta tafi a kiwon dawakin folo, wasan da ya koya a Najeriya. Ya yi noman zaitun a Italiya, ya zauna a Amurka da Afirka ta Kudu. Cream ta sake haɗuwa a 2005, tsohuwar gaba ta sake tashi. A fim ɗin tarihinsa na 2012, Beware of Mr. Baker, an gan shi yana fasa hancin mai shirya fim ɗin da sanda. Hali zanen dutse. Mutumin da ya iya sauraron Tony Allen a fagen kiɗa ya kasa sauraron iyalinsa da abokan aikinsa.

Ya ci nasarar fito da mai ganga gaban fage, ya sa aka san sunansa kamar na mai jita. Bai ci nasarar sa doka ta ɗauki bugu a matsayin ƙirƙira ba. Wannan ƙara tana nan ba a yanke ta ba, kuma ta shafi kowane mai kalangu da ya yi shekaru a bayan wani shahararren mawaƙi, aka sayar da kaset dubbai, ba a rubuta sunansa a jiki ba.