Muryar Aro: Kare Salon PJ Harvey

Masu sharhin kiɗan rock sun daɗe da yanke wa mata mawaƙa wani hukunci: in mace ta ce "ni" a cikin waƙa, to kanta take nufi, cikinta take amayarwa. Namiji ya rera waƙar kisan kai, a yaba masa da iya tsara labari. Mace ta rera irinta, a koma tambayar lafiyar hankalinta. Cikin waɗanda wannan hukunci ya zalunta, Polly Jean Harvey tana sahun gaba. Ni kuwa ina ganin rera waƙa da bakin wani, mawaƙi ya ari muryar mutumin da ba shi ba, ita ce fasaha mafi girma a wannan fanni, kuma a zamaninta babu wanda ya riƙe ta kamar PJ Harvey.

An haife ta a 1969 a Bridport, gundumar Dorset ta kudu maso yammacin Ingila, ta tashi a ƙauyen Corscombe inda iyayenta ke sana'ar haƙar dutse. A 1991 ta kafa ƙungiyar mutum uku, suka fitar da faifan Dry a 1992, sai Rid of Me a 1993, wanda Steve Albini ya naɗa da kaushinsa da tsawarsa. Faifan Stories from the City, Stories from the Sea ya ciyo mata kyautar Mercury a 2001, ta sake ci a 2011 da Let England Shake, ta zama ta farko da ta ɗauke ta sau biyu.

Tun a 1995 rashin fahimtar ya fito fili. A waƙar Down by the Water, uwa ce ke ba da labarin yadda ta nutsar da 'yarta a ruwa, sannan ta koma raɗa tana neman a dawo mata da ita. Harvey da kanta ta koka cewa akwai masu ɗaukar labarin tamkar abin da ya faru da ita. Da sun kasa kunne da kyau, da sun ji cewa raɗar nan aikin gwani ce, an auna ta, an ajiye ta daidai inda za ta sa tsigar jiki ta tashi.

Inda salon ya nuna sosai shi ne Let England Shake. Ta share masa fage a 2007 da White Chalk, inda ta ajiye jita ta koma fiyano, ta ɗaga muryarta sama. Da ta zo waƙoƙin yaƙi na Let England Shake, sai ta shiga wata majami'a a Eype, kusa da garin haihuwarta, tare da abokan aikinta John Parish da Mick Harvey da Flood, tana rungume da autoharp, abin kiɗan nan mai tsirkiya da yawa. Kowa ya san tana da murya mai ruri, wadda za ta iya zuba fushinta a kan masu kai yara fagen fama. Sai ta ƙi. Ta zaɓi siririyar murya, wadda ba ka iya cewa ta yaro ce ko ta tsohuwa, muryar mai ba da shaida.

A saurari The Words That Maketh Murder. Soja ne ke faɗin abin da idonsa ya gani na gaɓoɓin mutane a warwatse, amma kiɗan na rawa ne, da tafi, da maza masu amshi cikin nishaɗi. Mai sauraro zai tsinci ƙafarsa tana bin ganga kafin kunnensa ya gane abin da ake faɗa, kuma da ya gane sai kunya ta kama shi. Kunyar nan ita ce manufar waƙar, domin da haka ake sayar wa jama'a da yaƙi, da kiɗa mai daɗi. A ƙarshe ta aro zancen kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya daga waƙar samartaka ta Eddie Cochran ta 1958. Abin da ya kasance raha a bakin saurayi ya zama kukan wanda ba shi da wurin kai kuka.

Sai The Glorious Land, inda begilar soja ke kutsowa ba bisa kari ba. Ba ta bi ganga ba, ba ta bi jita ba, sai ka ɗauka kuskuren naɗi ne. Da gangan aka yi. Kiran yaƙi ba ya jiran a gama noma ko a gama raino, haka yake faɗowa cikin rayuwar mutane, kuma ta sa kunne ya ji wannan kafin kalma ta faɗe shi. A The Colour of the Earth kuwa, labarin sojan da ya rasa amininsa a yaƙin Gallipoli na 1915, ta sa Mick Harvey, mutumin Ostireliya, ya buɗe waƙar da muryarsa, tun da 'yan ƙasarsa na cikin waɗanda suka zubar da jini a can. Mawaƙiyar da ke neman a kalle ta ba za ta yi wannan ba.

Masu cewa wutarta ta mutu bayan Rid of Me sun ɗauki ƙara a matsayin zafi, ba sai an tsaya musu ba. Masu sukar faifan The Hope Six Demolition Project na 2016, wanda ta rubuta bayan ta je Kosovo da Afganistan da Washinton tare da mai ɗaukar hoto Seamus Murphy, sun fi su hujja kaɗan, amma rami ɗaya suka faɗa. 'Yan siyasar Washinton sun fusata da yadda waƙar The Community of Hope ta siffanta wata unguwar talakawa, alhali yawancin zancen daga bakin ɗan jaridar da ya zaga da ita a mota ta ɗauko shi. Ta mayar wa birnin abin da mutanensa ke faɗa ne, aka ɗora mata laifin faɗarsa.

Cutar da ta daɗe tana cin kiɗan rock ita ce bautar "gaskiyar zuci", wato ba a yarda da waƙa sai in daga raunin mawaƙin ta fito. Wannan ra'ayi ya ƙuntata fannin, ya cika shi da mutanen da ba su da labari sai nasu. Rayuwar mutum ɗaya ba ta isa faifai goma ba. Harvey ta kai goma a 2023 da I Inside the Old Year Dying, wanda ta gina a kan littafinta Orlam na 2022, labarin wata yarinya 'yar shekara tara, wanda Harvey ta rubuta da karin harshen Dorset. Ta kai nan ne saboda tun farko ta koyi sauraron wasu, ta ba su aron maƙogwaronta. Duk matashiyar da ta ɗauki jita a yau, wannan darasi ya kamata ta fara koya kafin ta koyi ruri.