Hatimi a Ƙarƙashin Dutse: Nazari kan Farautar Akwatunan Dartmoor

A kudu maso yammacin Ingila, cikin lardin Devon, akwai wani tudun daji da ake kira Dartmoor, faɗinsa murabba'in kilomita 954. Itatuwa ba su da yawa a cikinsa. Ciyawa ce da taɓo da ƙoramu masu sanyi, sai tarin manyan duwatsu a kan kowane tudu, sai tumaki da ƙananan dawaki da ke kiwo ba makiyayi. Tun 1951 gwamnati ta mayar da shi gandun ƙasa. A ƙarƙashin duwatsun nan da cikin kogunansu akwai dubban ƙananan akwatuna da mutane suka ɓoye, kowanne ɗauke da abu biyu kacal: hatimin roba da ɗan littafi. Mutum zai bar gida da sassafe, ya yini yana ratsa taɓo, don kawai ya gano akwati, ya buga hatimin da ya tarar a nasa littafin, ya buga nasa hatimin a littafin akwatin, ya rufe, ya mayar inda ya ɗauko. Turawa na kiran wannan al'ada letterboxing. Ba a cin ko kwabo a cikinta, kuma ba alƙalin wasa.

Asalinta a shekarar 1854 ne. Wani ɗan garin Chagford mai suna James Perrott, wanda sana'arsa ja-gorancin baƙi cikin dajin, ya tara 'yan duwatsu a wani wuri da ake kira Cranmere Pool, ya sa kwalba a ciki. Duk baƙon da ya iya kaiwa can sai ya jefa katin sunansa. Cranmere ba wurin kallo ba ne. Wani kwari ne a tsakiyar taɓon arewacin Dartmoor, ruwan ma sau da yawa babu na kirki, har mutanen yankin suna da tatsuniyar wani tsohon magajin garin Okehampton da aka yanke wa fatalwarsa hukuncin kwashe ruwan da rariya. Abin da ya ba wurin daraja shi ne wuyar zuwa. Daga Chagford tafiyar yini ce zuwa da dawowa, ba hanya, ƙafa na nutsewa, hazo kuma na iya saukowa ya rufe komai cikin ɗan lokaci. Katin da ke cikin kwalbar shaida ce cewa wane ya taka wurin da ƙafarsa. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Daga baya gwangwani ya maye gurbin kwalbar, aka ƙara littafin baƙi, aka ƙara hatimi. Sai wata ɗabi'a ta tsiro wadda ta ba al'adar sunanta. Mai zuwa yakan bar kati ko wasiƙa da ya rubuta wa kansa ko wani nasa, ya manna kan sarki, ya ajiye. Wanda ya biyo bayansa, ko bayan kwana biyu ko bayan makonni, shi zai ɗauka ya kai gidan waya idan ya sauka gari. Tun daga nan ake ganin ginshiƙin al'adar: mutum ya danƙa amanarsa ga wanda bai sani ba kuma ba zai taɓa gani ba. A 1921 Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Takwas, ya je Cranmere ya sa hannu a littafin. A 1937 aka gina wa akwatin ɗan mazauni na dutse. Shekara ɗaya bayan haka aka kafa wani a Duck's Pool, a kudancin dajin, don tunawa da William Crossing, marubucin da littafinsa na ja-gorancin Dartmoor ya fito a 1909. Waɗannan biyun ne har yau ke da alama a taswirar hukuma.

Abin lura shi ne yadda al'adar ta daɗe tana tafiyar hawainiya. Sama da shekara 120 bayan kwalbar Perrott, a 1976, wani mai suna Tom Gant ya fitar da taswira mai nuna akwatuna 15. Taswirar ta buɗe ƙofa. Cikin 'yan shekaru akwatuna suka koma ɗaruruwa, daga nan dubbai. A 1979 Godfrey Swinscow ya kafa ƙungiyar da ake kira 100 Club, wadda sharaɗin shigarta shi ne mutum ya nuna hatimai ɗari da ya samo da kansa a dajin. Ƙungiyar na buga kundin kwatancen akwatuna, kuma bisa al'ada sai wanda ya cika ɗarin nan ake sayar wa kundin. Sabon shiga dole ya fara da lalube da tambaya da bin na gaba. Sau biyu a shekara, a ranakun Lahadin da ake sauya agogo a Birtaniya cikin Maris da Oktoba, masu wannan sha'awa kan taru su yi musayar kwatance da hatimai.

A ganina a nan al'adar ta rabu biyu, kuma har yau ba ta gama haɗewa ba. Akwatin Perrott ɗaya ne, yana nesa, kowa ya san inda yake. Wahalar ita ce isa. Akwatunan bayan 1976 suna da yawa, wasu kusa da titi, wahalar ta koma ganowa. Na farko gwajin ƙafa da juriya ne, na biyu gwajin ido da ƙwaƙwalwa. Ban ɗauki wannan sauyi a matsayin lalacewa ba, domin shi ya haifar da abin da ya fi komai armashi a al'adar, wato kwatance.

Kwatancen Dartmoor yana da salonsa. Mafi sauƙinsa yakan ba da lambar murabba'in da akwatin yake ciki a taswira, sannan ya lissafo kusurwoyin kamfas zuwa abubuwan da ido ke hangowa: ƙololuwar wani tudu digiri kaza, hasumiyar cocin wani ƙauye digiri kaza, wata bishiya tilo digiri kaza. Mai nema zai riƙa matsawa, yana ɗaga kamfas yana saukewa, har ya tsaya a wurin da duk kusurwoyin suka yi daidai. Daga nan sai ƙidayar taku, sai kuma bayani na ƙarshe, misali a ƙarƙashin dutse mai leɓe, ko cikin ramin da ganye ya rufe. Bahaushen da ya taɓa bin kwatancen ƙauye, idan ka wuce tsamiya ka bar rijiya a hagunka, ya san irin wannan karatu, inda ƙasa ce takardar. Wasu masu ɓoyewa kuma ba sa bayar da lamba ko ɗaya. Sukan rubuta kacici-kacici, ko su juya haruffan sunan wuri, ko su yi ishara da wani labarin tarihi wanda sai mutum ya koma littattafai kafin ya gane tudun da ake nufi. Irin wannan akwati ana fara farautarsa ne a kan tebur da dare, taswira a shimfiɗe.

Kwatance mai kyau ba ya ƙarya kuma ba ya faɗin komai duka. Wanda ya rubuta shi ya tsaya a wurin, ya waiwaya gabas da yamma, ya zaɓi abin da ya ga ya cancanci a duba. Mai binsa dole ya tsaya inda wancan ya tsaya, ya ga abin da ya gani. Shi ya sa ƙwararru kan kai mutum wurin da ba zai taɓa zuwa don kansa ba: kufan masu haƙar kuza na da, ko wata 'yar ƙorama da ba ta da suna a taswira, ko gefen tudu inda ake hango teku idan gari ya waye tas. Akwatin da aka jefa a gindin dutsen farko da aka tarar, ba dalili, ana gane shi daga kwatancensa. Lambobi ne kawai, ba idon mutum a ciki.

Fita farauta ta yini guda tana da shirinta. Taswira da kamfas, takalmin da ruwa ba ya shiga, rigar ruwa ko da rana ta fito, guzuri, littafi, tawada mai launuka, da hatimin kai wanda ke ɗauke da laƙabin da mutum ya zaɓa, domin yawanci ba sa amfani da sunan yanka. Kafin a tashi ana duba jadawalin sojoji. Arewacin Dartmoor yana da filayen atisayen harbi guda uku, Okehampton da Merrivale da Willsworthy, kuma Cranmere na cikin na farkon. Ranar da aka ɗaga jar tuta ba a shiga. Akwai kaska cikin ciyawa, akwai kuma macijin nan guda ɗaya mai dafi da ake samu a Birtaniya, don haka mai hankali yakan fara zura sanda a rami kafin hannu. Wasu kan bi jerin akwatuna da aka shirya a zagaye ɗaya, waɗanda ake sayar da kwatancensu don tara wa ƙungiyoyin agaji kuɗi. Irin wannan zagayen ne iyaye ke kai yara, kuma yaron da zai yi ƙorafin tafiyar kilomita ɗaya yakan yi biyar idan an ce masa akwai akwati a gaba.

Yawan akwatuna ya zo da nasa ciwon. Dartmoor cike yake da kayan tarihi, kufan bukkokin dutse da layukan duwatsu da kaburbura na mutanen da suka zauna can shekaru dubbai da suka wuce. Mai neman akwati da ke zare dutse daga tsohuwar katanga yana ɓata abin da ba ya gyaruwa. Hukumar gandun ta damu, kuma abin da aka daidaita a kai shi ne ƙa'idoji: ba a ɓoye akwati a wurin tarihi ko kusa da shi, ba a sa shi inda zai dami tsuntsaye da dabbobi, ba a kafa shi da siminti. An kuma hana amfani da akwatunan ƙarfe na harsasai, waɗanda da su aka fi so saboda ruwa ba ya shigarsu, domin a filin da sojoji ke harbi bai kamata a saba wa yara buɗe duk ƙarfen da suka tsinta ba. Waɗannan ƙa'idoji daidai ne. Abin da ba su iya magancewa shi ne kwaɗayin lamba. Ana ba da bajo ga wanda ya cika ɗari, da ɗari biyar, da dubu, kuma da zarar mutum ya fara ƙirga, sai ya riƙa wuce wuraren da aka kawo shi ya gani, kansa a sunkuye, yana sauri zuwa na gaba.

Al'adar ta tsallaka zuwa Amurka bayan mujallar Smithsonian ta buga labarinta a Afrilun 1998. Amurkawa suka canza abu biyu. Sun sa kwatance a intanet kyauta ga kowa, ba sharaɗin ɗari. Sannan sun mayar da hankali ga hatimin kansa. A Dartmoor da yawan hatimai a shago ake ba da aikinsu, amma a Amurka abin alfahari shi ne mutum ya sassaƙa nasa da hannu, a kan robar goge rubutu ko wata roba mai laushi, da 'yar wuƙar sassaƙa. Hoton tsuntsu, ko gada, ko fuskar wani da ya taɓa zama a garin. Hatimin guda ɗaya ne a duniya, kuma ba hanyar samun hotonsa sai an je. Masu yin abin ma suna ganin rashin ladabi ne a ɗauki hoton hatimin wani a baza, tunda hakan ya kashe dalilin tafiyar. Suna kuma da ƙananan akwatuna matafiya, waɗanda ba su da mazauni: wanda ya tarar da ɗaya cikin wani akwati sai ya ɗauke shi ya kai wani.

A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS ga farar hula, kuma cikin kwana biyu wani mutum a jihar Oregon ya ɓoye bokiti ya sanar da lambobin wurin. Daga nan aka sami geocaching, wanda ya fi tsohuwar al'adar yaɗuwa nesa ba kusa ba. Na waje yakan ɗauka abu ɗaya ne. A geocaching na'ura ce ke cewa saura mita goma, ido na kan allo har a iso. A farautar akwati ido na kan tudu da hasumiya da bishiya, kuma wanda ya yi shekara yana bin kwatancen Dartmoor ya san dajin ta yadda zai iya fita daga hazo ko batir ya mutu. Akwai kuma ɓarna da ke faruwa inda al'adun biyu suka haɗu. A geocaching ana musayar ƙananan kayan wasa, ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. Wanda ya saba da haka, idan ya ci karo da akwatin hatimi, yakan ɗauka hatimin ma kayan musaya ne ya tafi da shi. Aikin da wani ya kwana yana sassaƙawa ya salwanta, akwatin ya zama fanko. Shi ya sa ake rubuta gargaɗi a murfi cewa hatimin na nan ne, ba a ɗauka.

Akwatin da mai shi ya daina lura da shi kuwa, roba ce kawai a daji. Murfi ya tsage, ruwa ya shiga, littafi ya zama kunu. Ƙa'ida ta ɗora wa wanda ya ɓoye alhakin dawowa ya duba, kuma ya kwashe abinsa idan ya gaji. Ba kowa ke cika wannan ba, musamman tsofaffin da ƙafa ta daina kai su tudu. Saboda haka masu nema da yawa kan tafi da ledoji da ɗan tsumma da sabon ƙaramin littafi a jaka. Idan sun tarar da akwati ya jiƙe, sai su goge shi, su sauya ledar, su sa sabon littafi idan tsohon ya cika, sannan su aika wa mai shi labarin halin da suka same shi.