Gwanin da Ke Tambayar Lafiyar Kwantena

Tun bayan fitowar Docker a 2013, manhajoji da dama sun koma zama cikin kwantena, kowace da kayan aikinta a ɗaure wuri guda. Daga nan aka samu wani aiki da ba a tuna mai shi sai ranar da shafi ya ƙi buɗewa: duba ko shirin da ke cikin kwantenar yana gudana.

A Linux kowane shiri yana da lambarsa. A cikin kwantena, shirin farko ne ke riƙe da lamba 1, kuma da ya mutu kwantenar ta tsaya. Wannan kowa zai gani. Matsalar ita ce lamba 1 na nan daram, amma wani shirin da ke ƙarƙashinsa ya faɗi tuntuni.

Sabon shiga zai jera shirye-shirye da ps, ya sa grep ya nemo masa sunan shirin, misali nginx, ya ga amsa ta fito, hankalinsa ya kwanta. Ashe grep kansa ya gani a jerin, tunda shi ma yana ɗauke da sunan da ake nema! Gwani kuwa pgrep yake kira, ko ya rubuta [n]ginx don kada mai nema ya kama kansa. In kwantenar an rage mata kaya har babu ps a ciki, sai ya leƙa /proc kai tsaye, ko ya yi amfani da kill -0, umarnin da duk da sunansa ba ya kashe komai, tambaya kawai yake yi ko lambar tana nan. Ko a nan ma bai sakankance ba. Shirin da ya mutu amma uwarsa ba ta karɓi labarin mutuwarsa ba yana ci gaba da zama a jeri da alamar Z, kuma zai amsa kiran. Kamar mai gadi ne da ke kan bencinsa amma barci ya sace shi.

Shi ya sa gwanin ke aika wa manhajar buƙata ta gaske ya ga ko za ta amsa. Docker ta kawo HEALTHCHECK a 2016: duk daƙiƙa 30 a gwada, in an faɗi sau 3 a jere a rubuta kwantenar ba ta da lafiya. Rubutawa kawai, Docker ita kaɗai ba ta sake tayar da ita. Kubernetes, mai kula da kwantenoni, ita ce ta raba tambayar: ɗaya ko a kashe a sake tayarwa, ɗaya ko a daina turo mata masu ziyara tukuna.

Abin da ya fi burge ni a wurin gwanin shi ne kamun kai. Ba ya haɗa lafiyar rumbun bayanai da tambayar farko, wato ko a kashe a sake tayarwa, domin in rumbun ya yi jinkiri kaɗan, sai a bi kwantenoni masu lafiya ana kashewa a banza. In za ka ɗauki injiniya, ka fara karanta layin gwajin lafiya guda da ya rubuta kafin takardar shaidarsa.