Masu Sa Bango Ya Faɗi Abin da Ya Gani

A 2012, wasu masana a jami'ar MIT da ke Amurka, cikinsu har da Ramesh Raskar da Andreas Velten, suka ɓoye wani ɗan mutum-mutumi a bayan shamaki, inda kyamara ba za ta hango shi ba, amma duk da haka suka fito da siffarsa a kwamfuta. Babu madubi a wurin. Bango ne kawai ya ba su labari.

Sirrin aikin yana cikin auna lokaci. Sukan harba walƙiyar hasken leza a jikin bangon, hasken ya tarwatse, kaɗan daga ciki ya faɗa kan abin da ke ɓoye, ya sake dawowa bango, sannan ya iso ga na'ura. Karo uku ke nan, kowanne yana cinye masa ƙarfi, har abin da ke komowa gida bai wuce 'yan ƙwayoyin haske ba. To, haske yana cin kimanin santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Wanda ya san lokacin da ƙwayar ta ɗauka a hanya, ya san tsawon hanyar da ta biyo, kamar mai jefa dutse a rijiya yana sauraron ƙararsa don ya san zurfinta.

Sai dai awo ɗaya nisa kawai yake faɗa, ba ya nuna ta wane gefe abin yake. A nan gwanintar take. Sai a riƙa sauya inda ake harba hasken, tabo bayan tabo, kowane awo ya shata nasa zagayen, inda zagayen suka yi ta haɗuwa kuwa nan ne jikin abin. Lissafin yana da nauyi ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar Matthew O'Toole da David Lindell da Gordon Wetzstein na jami'ar Stanford a 2018. Suka saita leza da na'urar karɓa a kan kusan tabo guda, hanyar zuwa ta zama ita ce hanyar dawowa. Da wannan ɗan gyara lissafi ya yi sauƙi, har kwamfuta ta riƙa haɗa hoton cikin ƙiftawar ido, ko da yake tattara hasken kansa yana ɗaukar mintuna. Ba ƙarfin inji suka ƙara ba, fahimtar matsalar suka gyara, kuma irin wannan basira ce take cancantar jinjina.

Burin masu aikin shi ne mota ta san da yaron da ke shirin fitowa daga lungu kafin direba ya gan shi, masu ceto kuma su leƙa ginin da ya rufta ba tare da sun shiga ba. Da sauran tafiya, don hasken rana yana dagula awon. Amma a 2021, masana a ƙasar Sin sun gano siffar abin da ke ɓoye a cikin ɗaki daga nisan kilomita 1.43.