Gwanintar Masu Nutso, Daga Kanal ɗin Kura Zuwa Ƙasan Teku

Manoman rani na Kura, Kadawa da Bunkure sun san ruwan da ke shayar da shinkafa da tumatirinsu daga Tiga yake gangarowa, dam ɗin da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ranar da ruwan nan ya ci mutum kuwa, Allah Ya kiyaye, ba saurayin da ya fi kowa iya iyo ake nema ba. Cikin masunta ake shiga a kirawo wanda ya daɗe yana nutso.

A gani na, gwanintarsa tun daga bakin kanal take farawa. Ba ya gaggawar faɗawa. Sai ya tsaya ya ƙare wa gudun ruwan kallo, ya lura da inda yake juyi kusa da ƙofar da ake sakin ruwa, domin a nan ne ruwa ke zuƙar mutum ya manne shi, ƙarfi ba ya ƙwatarsa. Can ƙasa laka ta rufe ido, sai lalube da tafin hannu. Numfashi ɗaya gare shi, ya kuma san lokacin da zai haƙura ya taso.

Masu nutso da tukunyar iska a baya sun mayar da irin wannan natsuwa doka. Sabon shiga ba ya wuce mita 18, nutson shaƙatawa kuma iyakarsa mita 40, alhali bangon Tiga ya kai mita 48. Hukumar horarwa ta PADI ba ta karɓar mutum matakin farko na nutson ƙwararru sai ya kawo shaidar nutso 30. Mai son kaiwa mita 50, sai ya cika 100.

Dalilin yana cikin jiki. A mita 40 matsin da ke kan mutum ya ninka na tudu sau biyar, iskar tukunyarsa ma haka take saurin ƙarewa. Naitirojin da ke cikin iskar kan bugar da shi, tunani ya yi nauyi. Tana kuma narkewa cikin jini; in ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe farat ɗaya, ta toshe jijiya ko ta shanye ƙafafu. Don haka ko matsala ta same shi, ba shi da damar tserewa sama. A wurin zai warware ta, ya rufe bawul ɗin tukunyar da ke bayan wuyansa ba tare da ya gani ba, sannan ya hau daki-daki yana tsayawa. Yawan nutso kaɗai bai isa ba; wanda bai taɓa shiga ruwa mai duhu ko mai ja ba, da sauransa.

Ga misalin wannan natsuwa: a watan Mayun 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a teku daura da Escravos. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya yi kusan awa 60 cikin 'yar iskar da ta maƙale a wani lungu, mita 30 a ƙasa. Masu nutson da suka je ɗauko gawa suka tarar da shi da rai, suka kuma ƙi fitar da shi kai tsaye, don jininsa ya riga ya cika da naitirojin. Sai suka sanya masa kayan nutso, suka bi da shi sannu zuwa ɗakin rage matsi, inda ya ƙara kwanaki. A 2015 shi ma ya karɓi takardar shaidar zama mai nutso.