Dolly Parton: Alƙalaminta Ya Fi Kaifi a Cikin Waƙa

Masu sauraron rediyo a ƙasashenmu sun daɗe da sanin muryar Dolly Parton, tare da ta su Don Williams da Kenny Rogers. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ita ke rubuta yawancin waƙoƙinta. Ni a ganina marubuciya ce kafin komai, kuma rubutunta ya fi ƙarfi a waƙa fiye da a littafi.

An haife ta a 1946 a karkarar jihar Tennessee ta Amurka, ta huɗu cikin ’ya’ya 12 a gidan talakawa. Talaucin nan ne jarinta. A “Coat of Many Colors” (1971), mahaifiyarta ta harhaɗa tsummoki ta ɗinka mata riga, ’yan makaranta suka yi mata dariya, ita kuwa tana alfahari da rigar. Cikin minti uku ta ba da labarin, ba ta nemi a tausaya mata ba. A “Jolene” (1973), mace ce ke roƙon wata kyakkyawa kada ta ƙwace mata namiji. Babu gori, babu habaici, har yabon kyawun abokiyar hamayyar take yi. Kishin da ya sauke kai haka ya fi na zage-zage ciwo.

Ta kuma san darajar abin da ta rubuta. Da Elvis Presley ya so rera “I Will Always Love You”, manajansa Tom Parker ya nemi rabin haƙƙin mallakar waƙar. Ta ƙi. A 1992 Whitney Houston ta rera ta, duniya ta ɗauka, kuɗin marubuci ya dawo hannun mai shi. Mawaƙanmu masu sayar da waƙa ɗungurungum su yi tunani.

Littattafanta kuwa ba su kai nan ba. “Run, Rose, Run” (2022), da ta rubuta tare da James Patterson, labarin wata matashiyar mawaƙiya ne da ta tsere zuwa Nashville. Yana da daɗin karatu, amma tun daga nesa ana hango ƙarshensa. “Songteller” (2020) ya fi armashi, don kuwa asalin waƙoƙinta take bayyanawa.

Babbar gudummawarta ga littafi tana wani wuri. Mahaifinta bai iya karatu ba, shi ya sa a 1995 ta kafa Imagination Library, mai aika wa ƙananan yara littattafai kyauta duk wata. Wanda ke son karanta Dolly kanta, sai ya kasa kunne ga baitocinta.